Yadda za a tara wa wanda ya yi hatsari gudunmawar da za ta kai shi har ya miƙe

Tambaya: Wani maƙwabcinmu a Kano, matuƙin adaidaita sahu ne mai mata da 'ya'ya huɗu, mota ta buge shi a titin Zariya, ya karye a cinya da ƙugu, yanzu yana kwance a asibiti ana jiran yi masa aiki. Mun buɗe zaure a WhatsApp, jama'a sun fara tura kuɗi asusun ƙaninsa, amma tuni ƙananan maganganu sun fara tashi. Ta yaya za mu tsara wannan taimako yadda zai amfane shi, kuma kada ya zama sanadin ɓatawa a unguwa?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya saka muku da alheri. Malam, na daɗe ina aiki a sashen jin daɗin marasa lafiya na wani asibitin gwamnati, inda aikinmu shi ne tsayawa tsakanin likita da majinyaci da masu son taimaka masa, kuma abin da na ga yana maimaituwa shi ne kuɗin tiyata su ne mafi sauƙin tarawa, amma watannin da suke biyo bayan sallama su ne suke karya gida. A makon farko da na biyu zuciyar jama'a tana da zafi, kowa ya ji labari ya tausaya, kuɗi suna zuba kamar ruwan Agusta. Daga mako na uku sai abin ya fara ja baya, wata sabuwar lalura ta ɗauke hankalin unguwa, alhali a lokacin ne ainihin jinyar take somawa. Saboda haka duk tsarin da za ku yi, ku gina shi a kan lissafin wata 6 zuwa shekara guda, kada ku tsaya a kan kwanakin da zai yi a gadon asibiti.

Ku fara da sanin abin da kuke tara wa kuɗin. Mutum biyu, ɗaya daga cikinsu ɗan'uwansa na jini, su samu likitan da yake duba shi, da izinin majinyacin, su roƙi a rubuta musu bayanin ciwon da ƙiyasin kuɗin a takarda mai hatimin asibiti. Tambayar nawa ne kuɗin aiki ba ta wadatar ba. Su tambaya ko ƙarfen da za a saka masa yana cikin lissafin ko daban ake sayensa, leda nawa ta jini ake so a tanada, sau nawa za a riƙa ɗaukar hoto bayan aikin, yaushe zai fara zuwa gashi, wato gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, da kuma ko akwai yiwuwar a sake shigar da shi ɗakin tiyata nan gaba domin gyara ko cire ƙarfen. Karayar cinya a jikin babban mutum takan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ƙashin ya haɗe, karayar ƙugu kuma takan sa likita ya hana mutum ɗora nauyinsa a kan ƙafa na makonni 6 zuwa 12, gwargwadon muninta. A duk tsawon wannan lokaci babu kuɗin cefane da zai shigo gidan ta hannunsa. Don haka a ƙarƙashin lissafin asibiti ku rubuta na gida: abinci, haya, kuɗin makarantar yara, da abin da ake bin sa a kan babur ɗin, wato adaidaita sahun, idan balas yake biya ko kuma an ba shi ne yana biya a hankali. Wannan lissafi na biyu sau da yawa yakan kamo na farko ko ma ya zarce shi, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa wa masu bayarwa ba.

Kafin ku ƙara yaɗa wata sanarwa, ku je wurinsa ku nemi yardarsa, idan yana cikin hayyacinsa. Mutumin da jiya yake ciyar da gidansa da guminsa yana iya ƙin a yawata da hotonsa ba riga, robar fitsari a jikinsa, a wayoyin mutanen da bai sani ba, kuma yana da haƙƙin ya ƙi. Hoton rauni yana jawo kuɗi da sauri, wannan gaskiya ne, amma yana daɗewa a intanet bayan mai shi ya warke, 'ya'yansa za su iya cin karo da shi, sannan 'yan damfara sukan ɗauki irin waɗannan hotuna su canza lambar asusun da ke ƙasa su ci gaba da karɓar kuɗi da sunansa. Takardar asibiti da aka rufe bayanan sirri a cikinta, da sunayen mutane sanannu a unguwa da lambar da za a kira su a tabbatar, sun fi hoton jini gamsar da mai hankali. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta nuna cewa ɓoye sadaka wajen ba wa mabuƙaci shi ne mafi alheri, kuma suturta wanda ake taimakawa yana daga cikin hikimar hakan.

Yanzu batun da ya fi damun ku, wato asusun ƙanin. Ba na zaton ƙanin ya ci ko sisi, kuma ku ma kada ku fara daga zargi. Matsalar ita ce asusu ne da yake harkokinsa na yau da kullum da shi, kuɗin cinikinsa suna shiga, na katin waya suna fita, kuma idan aka tambaye shi nawa aka tara ba zai iya rarrabewa cikin sauƙi ba ko da shi ne mafi amana a duk unguwar. Daga nan ake fara cewa an ga ya sayi sabuwar waya. Abin da ya dace shi ne liman ko mai unguwa ya kira shi gefe, ba a cikin zauren WhatsApp ba, ya gode masa, ya nuna masa cewa za a sauke masa wannan nauyi ne domin a kare mutuncinsa, a nemi ya ciro bayanan asusun tun daga ranar hatsarin, a zauna tare a tantance abin da ya shigo da sunan gudunmawa da abin da aka riga aka kashe. Daga nan a kafa kwamiti na mutum uku, kada ya wuce biyar: ɗaya daga dangi, kuma babu laifi ya zama ƙanin ne, ɗaya daga masallacin unguwa, ɗaya daga abokan sana'arsa 'yan adaidaita sahu. Ina ba da shawara mai ƙarfi a riƙa jin ta bakin matarsa kai tsaye, ko ta hanyar wata dattijuwa da ta yarda da ita, domin ita ce ta san ko akwai hatsi a gidan, kuma kunya takan hana ta faɗa wa ƙannen miji.

Asusun da za a yi amfani da shi ya zama ba a yin komai da shi sai wannan aiki. Mafi kyau shi ne asusun haɗin gwiwa a banki wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Idan buɗe shi zai ja lokaci, a yi amfani da sabon asusu da sunan ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, amma saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa isa ga sauran. Ku lura da wani abu da yakan ba mutane mamaki: asusun matakin farko, irin wanda ake buɗewa a waya cikin 'yan mintuna a OPay ko PalmPay ko Moniepoint, bisa ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ba ya riƙe fiye da naira 300,000, don haka idan ba a ɗaga darajarsa da BVN da NIN da sauran shaidun da ake nema ba, kuɗin mutane za su fara komawa ko su maƙale a daidai ranar da ake jiran su. Kuɗin da aka tara a hannu bayan sallar Juma'a a ƙirga su a gaban shaidu biyu a rubuta kafin a bar harabar masallacin. Duk mako, a rana ɗaya tsayayya, a saka wa 'yan zaure jimillar abin da ya shigo, abin da ya fita da hoton rasit, da abin da ya rage. Wanda ba ya son a ambaci sunansa a rubuta "wani bawan Allah" da adadin da ya bayar, yadda zai ga kuɗinsa sun shiga lissafi. Wasu suna ganin irin wannan bayani kamar rashin yarda ne da juna. A nawa ganin shi ne yake sa mutum ya sake bayarwa karo na biyu, kuma karo na biyun nan shi ne kuke buƙata.

Kuɗin asibiti a biya su a wurin karɓar kuɗi na asibitin ko ta hanyar bankin da asibitin ya bayar, a karɓi rasit. A bakin manyan asibitoci ba a rasa masu cewa a ba su kuɗi a hannu za su samo ƙarfe ko magani da sauƙi, ko su gaggauta ranar aiki. Kada kwamiti ya ba kowa kuɗin jama'a a kan irin wannan alƙawari.

Game da yadda kuɗin za su ɗore, ku raba neman taimakon gida biyu tun yanzu da zuciya take da zafi. Kashi na farko shi ne na gaggawa, wanda kowa zai bayar da abin da ya sawwaƙa sau ɗaya. Kashi na biyu alƙawari ne na wata-wata, kamar yadda ake zubin adashi, sai dai mai ɗauka mutum ɗaya ne. Idan, alal misali, mutum 40 suka ɗauki nauyin naira 2,000 kowane wata har wata 6, an samu naira 80,000 a wata da gidan zai iya dogara da ita, kuma wannan ya fi wa iyalin amfani a kan dunƙulallen kuɗin da za a miƙa musu rana ɗaya, wanda masu bin bashi da sauran lalurorin dangi za su taso masa. Mai shagon hatsi yana iya cewa kwano kaza na masara a kansa duk wata, mai makarantar da yaran suke zuwa ya ɗage kuɗin zango ɗaya, mai gidan haya ya yi jinkiri. Babur ɗin kuma, idan yana gyaruwa, gyara shi a ba amintaccen direba ya riƙa kawo balas yana daga cikin abubuwa mafi amfani da za a yi da wani ɓangare na kuɗin, domin zai mayar da gidan mai samun shiga na kansa. A je wurin mai babur ɗin da wuri, da shugaban tasharsu, a yi magana kafin ya ƙwace shi.

Akwai taimakon da ba ya bi ta asusu. Matasa masu lafiya, daga shekara 18 zuwa sama, waɗanda nauyinsu ya kai kilo 50, su je su ba da jini maimakon a saya. A tsara masu kwana da shi a asibiti bi da bi, domin a sashen maza namiji ake buƙata mai ƙarfin ɗaga shi da juya shi, kuma idan aka bar wa mutum ɗaya, shi ma sana'arsa ta tsaya, gida biyu ke nan suka shiga matsala. Bayan sallama zai buƙaci wanda zai riƙa kai shi gashi, kuma a nan abokan sana'arsa suke da babbar rawar takawa, don yawancin waɗanda na ga sun daina zuwa gashi kuɗin mota ne ya gagare su. Kafin ya dawo gida wani ya je ya duba ɗakin da banɗakin. Mai karayar cinya da ƙugu ba zai iya tsugunno a masai ba, ba zai iya kwanciya a tabarma ya tashi ba, don haka gado mai ɗan tsayi, kujerar bayan gida da sandunan dogarawa ko keken guragu na aro su shiga lissafin kwamiti tun kafin ranar sallama. Masu jinya kuma a tabbatar ma'aikatan jinya sun koya musu yadda ake sauya masa kwanciya, wanda yawanci duk bayan awa 2 ne ga wanda ba ya iya motsawa da kansa, domin gyambon kwanciya yana iya cin kuɗin da ya fi na tiyatar. Su san cewa kumburin ƙafa ɗaya da ciwo a sha-raɓa, ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, alamar daskarewar jini ce a jijiya, kuma zazzaɓi tare da ruwa ko mugunya daga wurin aikin alamar shigar ƙwayoyin cuta ce. Duka biyun a koma asibiti nan take. Ƙwai, wake, kifi, nono da waken suya sun fi lemon kwalba da 'yan dubiya suke kawowa amfani ga ƙashin da yake haɗewa, shan taba yana jinkirta haɗewar, maganin kashe zafi irin su tramadol kuwa kada a ci gaba da sayo masa a kemis bayan wa'adin da likita ya rubuta.

Ku shirya wa wata shawara da kusan tabbas za ta zo, wato a ɗauke shi a kai wa mai ɗori tunda ya fi sauƙi. Ba na raina masu ɗori, sana'ar gado ce kuma mutane da yawa sun warke a hannunsu daga ƙananan karaya. Amma karayar ƙugu tana iya haɗawa da zubar jini a ciki ko raunin mafitsara, ƙashin cinya kuma tsokar da ke kewaye da shi tana janye shi har ƙafar ta gajarce idan ba a daidaita shi yadda ya kamata ba, sannan ɗaurin da ya yi tsauri yana tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe. Likitocin ƙashi a Arewa, ciki har da na Asibitin Ƙashi na Dala da ya fara aiki tun 1959, sun daɗe suna kokawa kan masu dawowa daga gidan ɗori a lokacin da babu abin da ya rage sai yankewa. Kwamiti ya faɗa a fili cewa kuɗin jama'a an tara su ne domin maganin asibiti, kada a sallami majinyaci kan tilas ba da yardar likita ba saboda a rage kashe kuɗi.

Sai abin da ya fi komai ɓacewa a irin wannan yanayi, wato haƙƙinsa a kan wanda ya buge shi. A ranar hatsari manya sukan yi gaggawar cewa ƙaddara ce, mun yafe, tun kafin a san girman raunin. Yarda da ƙaddara wajibi ne, yafiya kuma alheri ce, amma haƙƙin na wanda aka raunata ne, a Shari'a da kuma a dokar ƙasa, kuma babu wanda zai yafe a madadinsa yana raye cikin hankalinsa. Ku tabbatar an shigar da rahoton hatsarin wurin 'yan sanda, an rubuta lambar motar da bayanan inshorarta. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da take biyan wanda aka raunata, wadda kuɗinta ga motar gida ya koma naira 15,000 a shekara daga watan Janairun 2023, sai dai takardun jabu suna da yawa, don haka a sa wanda ya sani ya bincika sahihancinta. Idan aka zaɓi sulhu, a yi shi bayan an samu ƙiyasin likita, a rubuce, da shaidu, da amincewar majinyacin. Haka nan ku je sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin da takardar mai unguwa, domin a asibitocin gwamnati da yawa wannan sashe yana iya neman a rage wa mara ƙarfi wasu kuɗaɗe. Ku duba ko yana da rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ku kuma kai takarda Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano. Ba kowace ƙofa ce za ta buɗe ba, kuma wasu suna jan lokaci, shi ya sa ya kamata a ware mutum ɗaya mai haƙuri da zirga-zirgar ofis ya riƙe wannan ɓangare. Yana da kyau ku sani cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa, amma hakan ba ya nufin dukan jinyar kyauta ce.

Za a samu masu tambaya ko za su iya ba da zakkarsu. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa faƙirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma magidancin da sana'arsa ta tsaya ba shi da abin da zai ishe shi yana iya shiga cikinsu. Sai dai zakka mallaka masa ake yi, ta zama tasa, saɓanin sadakar da aka tara domin wata manufa da aka ambata. Don haka a rubuta ta daban, a sanar da shi, a kashe ta da izininsa, kuma limaminku ya duba yadda aka tsara. Wannan bambanci yana da amfani ranar da aka samu ragowa. Tun yanzu ku rubuta a cikin sanarwar abin da za a yi da kuɗin da suka rage idan ya warke, ko kuma, Allah Ya kiyaye, idan rai ya yi halinsa: shin za a ba shi ne ya yi jari, ko iyalinsa, ko a ajiye wa wani majinyacin. Wanda ya bayar bayan ya karanta wannan sharaɗi ya amince da shi ke nan, kuma babu mai tayar da magana daga baya.

Idan abin da unguwa ta tara bai kai ba, sai a faɗaɗa zuwa gidajen rediyo da Facebook, da takardar asibiti da lambar asusu guda ɗaya tak a ko'ina. 'Yan'uwa mazauna waje su turo kai tsaye zuwa asusun. Shafuka irin su GoFundMe suna buƙatar mai karɓa da yake da asusun banki a ƙasashe irin su Amurka ko Ingila, wanda hakan ke nufin ƙarin wani hannu da dole a amince da shi.

Masu zuwa dubiya su rage tsawon zama a makonnin farko, su ƙara yawan zuwa a wata na uku da na huɗu, lokacin da ɗaki yakan yi shiru, mutum ya fara tunanin ya zama nauyi ga jama'a. Idan kuka ga ya daina cin abinci, ba ya barci, ko ya ƙi yin motsa jikin da aka koya masa, ku faɗa wa likitansa, don ciwon damuwa bayan hatsari abu ne da ake magancewa. A riƙa shawartar sa kan kowane babban kashe kuɗi, kuma a ja kunnen duk wanda ya fara yi masa gori ko yana bin diddigin abin da aka dafa a gidansa saboda ya ba da dubu biyar. Kada buƙata ta sa ya hau babur kafin likita ya ce ƙashin ya haɗe, domin karaya ta biyu a kan ƙarfe ta fi ta farko wuyar gyara. Ranar da aka kai adadin da ake nema, ko aka kammala jinyar, kwamiti ya fitar da cikakken lissafi na ƙarshe, ya rufe asusun, ya kuma sanar da rufewar a duk wuraren da aka yi roƙon tun farko, masallaci da zaure da rediyo, tare da roƙon jama'a su daina tura tsohuwar sanarwar.